Magen da Ta Ci Kwanukan Zaitawa

Sai da na ɗauki biro na ajiye har sau uku kafin in yarda in rubuta wannan. Da kuka ce kowane tsohon ma'aikaci ya kawo abu ɗaya da bai manta ba, so na yi in ba ku labarin raƙumin da ya tofe ni a kan iyakar Nijar, ko na bijimin da ya kore ni kan bishiya a Mambila, don ko daga bishiyar nan da mutuncina na sauko. Amma uwargidana ta ce in ban faɗi na magen unguwar Zaitawa ba, ita za ta zo ta faɗa, kuma na san nata zai fi nawa tsawo. To gara ku ji daga bakina.

Ranar da ba ta fita raina wata Talata ce, mako biyu bayan babbar salla. Lokacin daga Oga, babban likitan asibitin dabbobinmu, sai ni. Kun san bayan layya aiki yakan yi sanyi, tunda yawancin marasa lafiyarmu an riga an soya su. Ina zaune ina kore ƙuda sai ga wani ɗan kasuwa, Alhaji Nafi'u, ya shigo da babbar riga yana waige-waige kamar wanda ya zo aron kuɗi. Na duba bayansa, ba rago, ba akuya.

"Alhaji, ina mara lafiyar?"

Ya rage murya. "Dakta, mage ce. Ta mahaifiyata. Don Allah kada ka yi dariya, ni ma ban so zuwa ba. Kwana uku ke nan in magen ba ta ci ba, tsohuwar ma ba ta ci."

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba: in dabba ba za ta iya zuwa asibiti ba, sai a buɗe mata kati, a rubuta takardar fita, babban likita ya sa hannu. Na kai wa Oga takardar. Ya karanta, ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Mage? Kai da ka yi wa garken shanu ɗari biyar allura a rana ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, an ci girma an dawo ƙasa."

"Je ka. Amma ka tuna dokata: ba a cin abinci a gidan mai dabba. Ruwa kawai."

Ku riƙe wannan dokar, don ni ban riƙe ta ba.

Muka ajiye mota a bakin titi muka shiga lungu da ƙafa. Gidan tsohon gidan maƙera ne, har yanzu uwar maƙerar marigayin mai gidan tana soro, an ɗora mata buta. Hajiya Gambo na zaune a kan tabarma a rumfa, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin ido, ta haura saba'in. A gefenta ga mage a kwance a kan sabon zane, ba tsumma ba.

"Kai ne likitan awakin?" in ji ta, bayan mun gaisa.

"Ni ne, Hajiya."

"To wannan ba akuya ba ce. Sunanta Tasalla. Ka yi mata sallama kafin ka taɓa ta."

Na yi wa Tasalla sallama. Ba ta amsa ba.

Na yi yawo a ƙasar nan da maƙwabtanta, amma ban taɓa ganin mage mai tumbi irin wannan ba. Sai dai da na shafa bayanta, ƙashin gadon baya ya fara fitowa, wato ƙiba ce da ta fara zubewa ta mummunar hanya. Na tambayi shan ruwa. Hajiya ta ce har cikin randa take leƙawa. Fitsari fa? Ta nuna min wani lungu a bayan ɗaki, inda kiyashi suka yi layi kamar masu jiran rabon taki. Tun daga nan na san inda aka dosa.

Na ɗan tsikari gefen kunnenta na ɗiga jini a mitar awon suga, suga ya ninka na lafiyayyar mage kusan sau uku. Ku ƙanana ku lura: tsoro kaɗai yakan ɗaga sugan mage, shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Amma tsoro ba ya tara kiyashi. Sai awon hawan jini. Ana ɗaura ɗan madaurin awo a hannun gaba, a jira dabbar ta saki jiki, a auna sau biyar ko shida, a watsar da na farko. Duk sun haura ɗari da tamanin. Da na sa abin sauraren ƙirji, maimakon bugu biyu sai na ji uku, kamar tafiyar jaki mai sauri. Numfashi kuma gajere, sama-sama. Washegari hoton ƙirji ya nuna zuciya ta ƙara girma, ruwa ya fara taruwa a huhu, gwajin jini kuma ya nuna ƙoda ta fara gajiya, wadda galibi daga can hawan jinin mage yake tasowa.

Na koma na zauna gaban Hajiya don in yi bayani.

"Hajiya, kin san zugazugin marigayi Malam?"

"Ni na riƙa shafa masa man shanu shekara talatin."

"To zuciya haka take. Ta buɗe ta cika, ta matse ta tura. Hawan jini kamar a tsuke bakin zugazugi ne, mai zuga sai ya danna da ƙarfi, yau da gobe fatar ta yi kauri. Suga kuma shi ne fatar ta bushe ta ƙandare, 'yan jijiyoyin da ke ciyar da ita su lalace. In ɗaya ne kaɗai, zuciya takan lallaɓa ta daɗe. In suka haɗu, ga kauri ga ƙandarewa, sai ta kasa buɗewa ta cika. Abin da bai samu shiga ba sai ya koma baya ya zama ruwa a huhu. Shi ne wannan numfashin da kike gani."

Ta dubi magen. Sannan ta ce, "Haka yake yi wa kowa?"

Na ce duk mai zuciya. Ban kawo komai a raina ba.

"Me take ci, Hajiya?"

"Abin da Allah ya hore."

Na rubuta magani: ƙwayar rage ruwa ta 'yan kwanaki, ɗan gutsuren ƙwayar hawan jini kullum, allurar insulin safe da yamma bayan ta ci, abinci kuma dafaffen kifi ko kaza ba gishiri, da awo. Na ce a ajiye zuma kusa, ko suga zai faɗi ta yi laushi a shafa mata a dasashi. Sannan na roƙi aron carbinta. Na ce in Tasalla ta yi barci, ta dubi agogon bango, duk numfashi ɗaya ta ja ɗan carbi ɗaya har minti ya cika. In ta iso mahaɗar farko, wato talatin da uku, kafin minti ya ƙare, ta kira ni ko ina ina.

"Yanzu carbin nawa ma na mage ya zama," in ji ta, amma ta karɓi dabarar.

Kwana biyu ina zuwa da kaina ina yin allurar. Rana ta uku na ce bari in koya mata, tunda ba zan tare a gidan ba. Na fara irin lakcar da nake yi wa makiyaya: wannan shi ne sirinji, wannan shi ne bakinsa. Ban ƙarasa ba ta karɓe kwalbar maganin daga hannuna. Ba ta girgiza ta ba, sai ta mirgina ta a tsakanin tafukanta a hankali. Ta zuƙo maganin, ta ɗaga sirinjin sama, ta ƙwanƙwasa shi da farce har kumfar ta hau, ta fitar da ita. Ni kaina ban kai ta tsabta ba.

Na dube ta. Ta dube ni.

"Hajiya, a wace makaranta?"

Ta ajiye sirinjin. Ta leƙa ƙofa, ta ga ba kowa, ta miƙa hannu bayan randa ta jawo wani ɗan kwanon sha mai murfi. A ciki ga tata kwalbar allurar suga a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ga ƙwayoyin hawan jini.

"Shekara biyu," in ji ta. "Daga ni sai Nafi'u sai Allah. Yanzu sai kai, kuma in na ji a bakin wani, na san gidanku."

Ba ta san gidanmu ba, amma na yarda za ta nemo.

Daga nan ne ta buɗe min abin da Allah ya hore. A lungunsu akwai al'adar kwano. Gida huɗu ne, duk wadda ta yi girki sai ta zuba wa sauran, musamman tsohuwar da take zaune ita kaɗai. Babbar ƙawarta, Hajiya Asabe ta gidan da ke kallon nasu, shekara arba'in suna musayar kwano, ba fashi sai ranar rasuwa. Da safe wainar Asabe tana ninƙaya a mai. Da rana shinkafa ko taliya daga wani gidan. Da yamma tuwo. Ranar Juma'a fura da nono, an zuba suga kamar ana jin haushinsa. Ita ma Hajiya Gambo tana tuƙa nata ta aika musu. Likitanta ya hana ta kusan duka. Kwano kuma ba ya komawa da abincinsa a ciki, wannan zagi ne. Zubarwa zunubi. In ta bayar a ƙofar gida, kafin la'asar Asabe ta ji, don ko a duhu tana gane wainarta.

"Sai na ga Tasalla tana so," in ji ta.

Shekara biyu mage tana cin abincin gida huɗu. Dabbar da Allah ya yi ta don nama, an mayar da ita ma'aikaciyar tuwo.

"Hajiya, ai sai ki faɗa musu."

"Kai yaro ne." Ina da furfura a lokacin, ku sani. "Ranar da na ce ina da suga, ranar na tashi daga Gambo na koma 'sannu Hajiya, ya jiki'. Na ga yadda aka yi wa wata a lungun nan. Aka daina kai mata kwano don kada a cuce ta, da kwano ya daina zuwa ƙafa ma ta ɗauke. Kana tsammanin waina nake jira? Asabe ce take kawowa da kanta, ta zauna mu yi gulmar duniya har hantsi."

Na ce na ji, amma daga yau ko loma ɗaya Tasalla ta ƙara, ina cire hannuna.

"To wa zai ci?"

Ta faɗa tana kallona. A gefe ga kwanon waina, an buɗe, ga ƙuli-ƙulin yaji a kai, tururi yana tashi. Ni kuma ban karya ba.

Jama'a, kwana tara na yi. Na ce wa Oga magen tana bukatar sa ido na kusa, kuma ba ƙarya na yi ba. Da safe in zo in auna suga, in jira Asabe ta gama hirarta ta fita, in ci waina. Da yamma in zo in auna jini, in ci tuwo, in haɗa da na ranar da aka ajiye min. Tasalla tana gefe da ɗan kifinta na awo, tana kallon hannuna daga kwano zuwa baki, daga baki zuwa kwano. An yi min kallon ƙiyayya a wurare da dama, har da wani kwastan a kan iyaka, amma ba wanda ya kai na magen nan.

Aiki kuwa ya yi kyau. Suga ya fara sauka, jini ya dawo ɗari da hamsin da 'yan kai, carbi yana tsayawa a ashirin da shida. Ni ne dai na fara gyangyaɗi a ofis.

"Dakta," in ji Oga wata rana, "magen ce aka sa wa dokar abinci, amma kai ne maɓallin rigarka yake neman taimako. Yaya aka yi?"

"Ranka ya daɗe, ruwan cikin gari ne. Yana da albarka."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya jawo takarda ya rubuta sunana cikin masu fita rigakafin shanu ƙauye, kwana uku. Har yau ban sani ba ko hukunci ne ko ceto.

Rana ta uku da hantsi, ina tsakiyar garke, waya ta yi ƙara. Hajiya Gambo ce, muryarta ba irin wadda na sani ba.

"Dakta, na wuce mahaɗa. Na sake, na wuce. Har na kusa ta biyu."

Na bar wa abokan aiki sauran shanun na kamo hanya. Na iso bayan azahar na tarar da Tasalla a durƙushe, ta miƙe wuya, baki a buɗe, ciki yana bugawa. Ku ƙanana, in kun ga mage tana numfashi da baki, kada ku tsaya dogon bincike, kada ku matse ta, kada ku kwantar da ita ta baya. Juyi ɗaya na ganganci ya isa ya ƙarasa ta. Na yi mata allurar rage ruwa a inda take, na sa aka ɗage labule iska ta shigo, muka zauna muna kallo. Sai da aka kira la'asar bakin ya rufu, carbi ya dawo arba'in, sannan talatin da biyar.

"Me ta ci?"

Hajiya ba ta ɗago ba. "Kuka take yi. Kwanukan suna nan a jere, kai ba ka nan. Ga miyar Asabe da gishiri da daddawa, ita kuma tana so. Na ce kwana uku ne kawai. Da na ga ta ƙoshi da yawa kuma sai na ji tsoron ƙwayar, na bari sai ka dawo."

Ban yi mata wasa ba wannan karon. Na ce, "Hajiya, zugazugin nan ya yage sau ɗaya, na ɗinke. Ban yi miki alkawarin na biyu ba. Ni kuma ba kullum nake gari ba. Ko kwano ko Tasalla."

Ban rufe baki ba muka ji sallama. Hajiya Asabe ce, doguwa mai murya kamar lasifika, da kwano a hannu an rufe da faifai.

"A'a, likitan mage ya dawo? Gambo, ga dambu, da zafinsa. Na sa miki mai sosai yadda kike so."

Ta miƙa. Shekara arba'in hannun Hajiya Gambo yana karɓar kwanon nan tun kafin a gama miƙowa. Ranar hannun bai tashi daga cinya ba. Ta dubi kwanon, ta dubi magen da ke fama da numfashi a kan zane.

"Asabe, zauna. Ba zan ci ba."

"Azumi kike?"

"Suga gare ni. Da hawan jini. Shekara biyu ban ci wainarki ba."

Asabe ta zauna a hankali, kwanon yana cinyarta. "To wa yake ci?"

Hajiya Gambo ta nuna Tasalla da haɓa.

"La'ilaha illallahu! Shekara biyu ina tashi da asuba ina yi wa mage waina? Ina ta yawo a unguwa ina cewa Gambo ba ta rage ko ɗaya?"

"Na kwana taran nan na baya ba ita ba ce," in ji Hajiya Gambo. "Dakta ne."

Na nemi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Asabe ta juyo ta ƙare min kallo tun daga hula har tumbi.

"To kai da ka ci, yaya take?"

"Hajiya, ban ci irinta ba daga nan har Agadas."

"Ka ji mai hankali." Sai ta koma kan ƙawarta, murya ta sauka. "Ke kuma, Gambo, kin ba ni kunya. Ni za ki ɓoye wa? Ni da na yi miki wankan jegon Nafi'u?"

"Tsoro na ji ki daina zuwa."

"In daina zuwa in je ina? Wa zai saurari gulmata, wannan magen?"

Suka yi dariya, sannan suka yi abin da ba dariya ba, ni kuma na ga ya kamata in je soro in duba uwar maƙera.

Kwano bai daina zuwa ba, cikinsa ne ya canza. Asabe ta bi gidajen nan da kanta ta kafa doka: kwaɗon zogale ba suga, faten acha, miyar ganye mai ƙarancin gishiri, kuma kowane kwano da ɗan ƙullin dafaffen kifi na Tasalla a gefe, wanda Hajiya take aunawa kafin ta ba ta. Ni aka sallame ni daga aikin ci ba ko takardar godiya. Zuciyar Tasalla ba ta koma yadda take ba, irin wannan ba ya komawa. Amma jini ya zauna, suga ya zauna, ta koma hawa katanga, sai dai a hankali, kamar mai ciwon gwiwa. Na je na faɗa wa Oga gaskiya. Ya ce ya sani tun rana ta biyu, don yajin waina yana bin takardun da nake kai masa.

Abin da na koya, ku da za ku gaje mu: mita za ta gaya muku suga, madauri zai gaya muku jini, amma ba na'urar da za ta gaya muku me ya sa abinci yake shiga bakin dabba. Dabbar gida abin da gidan yake ɓoyewa take ci. In mai dabba ya ce muku "abin da Allah ya hore", kada ku rubuta ku tashi. Ku gyara zama ku tambaya ta hannun wa ya hore.

Bayan kamar wata guda na je duba Tasalla. Na fito ina saka takalmi a soro sai ga Hajiya Asabe ta biyo ni. Wannan karon lasifikar a kashe take. Ta leƙa cikin gida, ta leƙa waje, ta matso.

"Dakta, tsakanina da kai. Ni ma likita ya hana ni tuwo tun bara, ban dai faɗa wa Gambo ba. Akuyar da ta shekara tana cinye min kwanon Gambo, za ka zo gida ka auna ta ne, ko in jawo ta asibiti ta bayan layi?"